Abin da Maƙeri Ya Ji

Faifan ya fito ran Laraba.
Kafin Juma'a Mannir ya daina cin tuwo,
yana zaune kan tsohuwar taya a ƙofar maƙerata
yana karanta hukuncin mutanen da wuta ba ta taɓa lasa ba.

Su huɗu ne. Sun sa wa kansu Zugazugi,
ko izinina ba su nema ba.
Kiɗan ƙarfe suke ce masa, a gabana, ni da na tsufa a ƙarfe.
Wata bakwai suna hayar janareton Alhaji Rabe
a ɗakin da nake ajiye gawayi, nan Ƙofar Marusa,
har kajin Inna Ladidi suka shiga yajin aiki.

Na farko, mai shafi a jaridar mako, ya ce
injin niƙa ne aka miƙa wa lasifika.
Ya ce ya saurari waƙa tara, ya sha ƙwayar ciwon kai biyu.
Na rediyo ya fi shi ladabi. Ya yi gyaran murya,
ya ce yaran sun yi ƙoƙari, sai dai
kiɗan nan ba shi da uwa a garin nan, ba shi da uba,
kuma tsintacciyar mage ba ta mage.
Wani malamin jami'a ya cika shafi shida,
ya ce kukan zamani ne, ya ce mikin matasa ne,
ya rubuta sunan Armaya'u mai ganga ba daidai ba har sau uku,
ban kuma ji inda ya wuce waƙa ta biyu ba.
Daga Ikko aka aiko musu da tauraro uku cikin biyar.
Sagir ya tambaye ni ko ana cefane da tauraro.

Ni bokona bai kai ya kawo ba.
Bayan isha'i na ce Mannir ya toshe mini kunne
da 'yar igiyar nan tasa.

Waƙar farko, tsawa.
Ta biyu, tsawa da ƙanwarta.
Muryar ɗana kamar ya haɗiyi garwashi
yana neman wanda zai mayar wa.
Saura kaɗan in cire.

Sai ta huɗu.
Can ƙasa, a ƙarƙashin rugugin jita,
na ji bugu uku da hutu ɗaya,
bugu uku, hutu ɗaya,
yadda marigayi Baba Ɗanjuma yake sauke masaba
in yana fitar da bakin garma,
yadda dundufa take kiran mu ran wasan maƙera
mu tashi mu kama jan ƙarfe da hannu.
Yaron da nake zaton gyangyaɗi yake a bayan zugazugi,
ashe kunnensa tarawa yake.

Mai rediyo, ka ce ba uba.
Zo ka ga uban, yatsunsa tara da rabi.

Amma kada Mannir ya cika baki.
Ta shida ɗanya ce, an cire ta daga wuta ba ta yi ja ba.
Ta takwas an dake ta har ta sirance, karyewa za ta yi.
Mai jitar kuwa gudu yake kamar ana bin sa bashi.
Haka na gaya masa da safe, yana hura mini wuta.
Ya ce, Baba, har da kai?
Na ce, lauje ba ya riƙe kaifi
sai an tsoma shi a ruwa da zafinsa.
In ka ji ya yi tsaki a kwatarniya, ba mutuwa yake ba.

Bai ce komai ba. Ya ƙara wa zugar ƙarfi
har toka ta shige mini ido.

Jaridar kuwa na yagi shafin na kunna gawayi da shi.
Ya kama da kyau, ba laifi,
mai ciwon kai ya yi rana.

Yanzu da la'asar sakaliya
ina jin su sun koma ɗakin gawayi,
suna ta maimaita wuri ɗaya, wurin da na ce ɗanye ne.
Inna Ladidi ta aiko jikarta ta ce
kaza ɗaya ta soma ƙwai,
sauran suna jira su ji faifai na biyu.