Tazara

A garejin Baba Rabe, bayan Ƙofar Ƙaura,
inda baƙin mai ya sha ƙasa har ta daina tsiro,
na yi karatun da ba allo ba tawada:
abin da ke shiga tsakanin mota da taya.

Ran nan Sada ya shigo, motarsa na kuka.
Ya sa mata rim mai faɗi don ta yi kwarjini,
ga shi tana cizon birki duk sanda ya karya kwana.
Baba ya durƙusa, ya leƙa, ya shafa,
ya ce, "Ba ciwo ba ne, kusanci ne ya yi yawa,
ƙarfe ke gugar ɗan'uwansa ba kunya."

Ya jawo akwatin sifesa, ya zube a tabarma
kamar mai tallar faifai ranar kasuwar Charanchi.
"Wannan siririyar zura ta kawai ake yi,
amma tana cin tsawon ƙusa, ka sani.
Ƙirga zagayen noti da bakinka;
in zaren da ya rage bai ƙoshi ba,
cire ta, kar ka kai rai kasuwa a kan hanya.

"Mai kaurin nan da nata ƙusoshi take zuwa.
Ka ɗaure ta jikin hob, rim ya hau kanta.
Ɗauri biyu ke nan, mantuwa ma biyu.
Bayan kwana uku ka koma da sifana
ka tambaye su ko sun kwana lafiya.

"Waccan mai sauya rami, huɗu ya koma biyar,
tafinta ce, ita ke sa baƙon rim ya zauna gidan wani.
Ka dai tabbata ba ta iya ƙarya."

Sai ya ɗauko biyu kamar tagwaye,
ya ce in rufe ido in lalaba.
Ɗaya sumul, ɗaya da ɗan leɓe a tsaka.
"Mai sumul ta bar wa ƙusoshi dukkan nauyi,
ka kai tamanin, sitiyari ya kama rawar ɗari.
Mai leɓe kuwa, duk nisan da ta ba rim,
yana nan zaune daram a kan cibiya."

Sada ya taya mai arha, zubin tukunyar maƙera.
Baba ya ce albarka, ba ya sa wannan.
Ya fita yana ƙunƙuni, aka ɗaura mashi wani wuri.
Sati bai cika ba labari ya iso:
ya tsira da ransa da buhu goma na albasa,
amma wilinsa na hagu ya riga shi shiga Jibiya.

Shekaru suka ja. Na yi gemu, hannuna ya faɗa,
muka fara gugar juna ni da Baba.
In ce a sa na'ura, ya ce a sa kunne,
in ce a sayo sabo, ya ce a gyara.
Magana kaɗan sai tartsatsi.
Wata Laraba bayan La'asar ya kira ni,
ya miƙo jak da sifana mai sha tara,
ya ce, "Akwai rumfa a Ƙofar Sauri. Na biya haya."

Na tafi cike da fushi, ko sallama babu.
Sai da na zazzage buhun a sabuwar rumfa
na ga abu naɗe cikin tsumma:
sifesa guda, tsohuwa, mai leɓen nan.
Ba ta da 'yar'uwa, ba motar da za ta yi wa rana.
Na daɗe ina juya ta a hannu,
sannan na rataye ta saman randa, jikin waya.

Yanzu duk Juma'a in an sauko masallaci
nakan bi ta Ƙofar Ƙaura da ƙullin goro.
Ba ma zancen mota.
Yakan dubi baƙin mai a farcena, ya kau da kai,
ya ce da sabon yaronsa,
"Matsa ma mai gareji benci, ya sha tafiya."