Ƙwaya ta Biyu

A hawa na uku, asibitin Montevideo,
Lautaro ya daina gardama da rediyo.
Wata biyu tana kiran sunansa
ko a kashe take.

Likita Irigoyen ta ce farar ƙwayar ta kori muryoyin,
amma ƙishin wiwi yana nan daram.
Ta ɗora wata, rabi da dare,
da zaman hira duk Laraba,
da sassarfa a bakin kogi.
"Ba alkawari na yi ba," in ji ta.

Ni uwarsa, nakan ƙirga su a tafin hannu
kamar mai tsintar shinkafa.

Jiya ya ce miyata ta yi gishiri.
Na juya baya ina share ido.
Rabonsa da kula da ɗanɗano,
shekara guda cur.