Kifi a Ganyen Ayaba

Na sauke su a bakin ruwan Badagiri,
Turawa tara da Bajafane guda,
kowa da kyamara a wuya kamar laya.
Ɗan jagora ya kaɗa su gaba
zuwa ɗakin da aka adana sarƙoƙin bayi,
daga nan kwalekwale, daga nan tsallake.
Awa uku ke nan ba mai neman direba.

Cikina kuwa bai san tarihi ba.

Bayan masu kwakwa akwai wata rumfa,
tebur huɗu, fanka mai tari,
allo da rubutu kamar sawun tana a laka.
Mai wurin sunanta Malis.
Sewanu, ma'aikacin jirgin ruwa,
ya auro ta daga Kambodiya,
ya ajiye ta, ya koma teku.
Shekara shida, teku bai ce uffan ba.

Na tsaya a ƙofa da tambayar da muka gada:
"Babu alade?"
Ta amsa da guntun Turancin Legas:
"Malam, a bakin tafkinmu akwai masu salla,
a hannunsu uwata ke sayen kifi. Zauna."

Na zauna, amma a bakin kujera.

Sai ga shi a ƙunshin ganyen ayaba.
Na ce a raina, alala ce ta ci ado.
Na sa cokali.
Ashe kifi ne ya narke a madarar kwakwa,
ga kurkum, ga ɓawon lemun tsami,
ga ciyawar nan da matata ke jefawa a shayi,
yaji na can baya yana sanɗa
kamar mai bin bashi mai kunya.
"Amok," in ji ta.
Na maimaita, ta gyara mini, na sake ɓatawa.

Ta buɗe wata kwalba.
Wari ya mari hancina,
na ja da baya har kujera ta yi ƙara.
Kifi da gishiri, wata da watanni a tulu.
Saura ƙiris in ce a'uzubillahi,
sai na tuna ranar da kakata ke daka daddawa,
yadda unguwa duka kan san gidanmu.
Wa ya isa ya yi wa wani gorin wari?
Na lakata.
Na sake lakata.

A bango akwai hoto, rana ta lashe launinsa:
fuskokin dutse na murmushi ido rufe,
saiwar wani itace mai kama da rimi
ta haɗiye katangar wurin bauta.
Garinsu ke nan.
Ta ce baƙi kan fito tun kafin asalatu
su jira rana ta ɓullo ta bayan hasumiyoyi,
ita kuma, 'yar shekara tara da tire a ka,
tana bin su da "sayi ɗaya, sayi ɗaya."
"Sun ɗauki hoton kowane dutse," in ji ta,
"ba wanda ya tambayi sunana."

Na dubi tsallaken ruwa.
Fasinjojina sun zama ƙudaje a kan yashi,
suna layin ɗaukar hoto
a hanyar da mutane suka bi ba su dawo ba.
Tun daga Ikeja nake jan su,
"direba" suke ce mini.

Na ce, "Sunana Ilu."
Ta ce, "Ilu."
Sau ɗaya, kuma daidai.

Ta rufe da shinkafa mai danƙo da sukarin giginya.
Giginya!
Na ci 'ya'yanta, na toni muruci,
na kwana a ƙarƙashin azararta,
ban taɓa sanin tana ɓoye zuma a wuya ba.
Inuwarta dai na nesa ka sha,
yau ni ne na nesan.

La'asar sakaliya suka dawo, ƙafa duk yashi,
suna tambayar ina ake samun soyayyen dankali.
Na nuna musu otal.

Ranar Asabar akwai wani lodin.
Zan biya ta Agege in sayi daddawa ƙulli uku,
in ɗora mata a tebur ban ce komai ba,
mu ga kujerar wa za ta yi ƙara.