Wardin Kayambe

Ni ne direbanta.
Shekara shida ina kai Ermelinda Tutillo
daga gindin dutsen Kayambe zuwa majalisa a Kito,
ita a baya da takardu, ni a gaba, bakina alaikum.

Sai shekarar da jiragen sama suka kwanta.
Furen wardi bai ji labarin an rufe iyaka ba,
ya ci gaba da buɗewa a rumfunan leda,
ja, fari, ruwan ƙwai,
babu mai taya shi ko da sisi.
Da idona na ga an loda shi a baro an juye wa shanu.
Saniyar Anselmo ta cinye rabon amaren Turai,
ta kwanta tana tuƙa,
ni kuwa na daina tuƙi.

Mata ɗari bakwai gona ɗaya ta sallama.
Suka tsaya ƙofar gidanta, taku biyu tsakanin kowa da kowa,
yatsu duk tabon ƙaya,
ba su yi ihu ba. Shirun ne ya hana ta barci.

Majalisa ta ƙaura cikin waya.
Sabis kuma sai kan tudu, bayan maƙabarta.
Can nake faka mota,
ta jingina wayar da sitiyari,
takunkumi a haɓa, bargo a kafaɗa:
"A ɗaga wa masu bashi ƙafa wata shida."
Wilfrido Cagua, wakilin bakin teku, ya ce
baitulmali ba rijiya ba ce.
Ta ce, "Ko rijiya ce, wa ya haƙa..."
Sai hoton ya daskare, bakinta a buɗe,
aka wuce batu na gaba.

Da dare ta kira shi. Na zaci faɗa ne.
Sai na ji tana tambaya nawa ayaba a wajensu.
Ashe tasu tana ruɓa a tashar jirgin ruwa,
shinkafa jibge, kifi ba ƙanƙara,
mu kuma dankali ya fara tsiro a buhu,
ana zubar da madara a kwata.
Ba ni gishiri in ba ka manda.

Motocin sanyi na kamfanin fure suna zaune, tayoyi na sacewa.
Sa hannu goma sha ɗaya ta nema kafin su motsa,
na ƙarshen a bakin shinge,
wani soja ƙarami ya karanta takardar sau biyu,
ya fesa mana magani har cikin takalmi.
Muka gangara da dankali, muka hauro da ayaba,
motar na ƙamshin wardi, tana ƙarnin kifi.

Ranar ƙuri'a aka kira daga asibiti.
Yayanta Rosendo. Ba a ba da gawa,
sai dai lamba da ƙaramin akwati bayan kwana huɗu.
Ta kife wayar a cinya.
Aka kira sunanta sau ɗaya, sau biyu.
Ta ɗago ta ce, "Na amince,"
sannan ta ce in fita in ba ta motar.
Na tsaya cikin sanyi ina ƙirga kaburbura.

Wata shida ta nema, uku aka bayar,
bankuna suka soka wani layi a ƙasa da ƙananan haruffa.
A kasuwa aka ce ta sayar da mu.
Wata ta jefi gilashina da damin wardi busasshe,
ayabar bakin teku na leƙowa daga kwandonta.
Ermelinda ta ce, "Bar ta, tana da gaskiya, uku ba shida ba ne.
Juya mota, Aurelio, mu koma tudu."

Kara ɗaya ya maƙale a wayifa.
Yana nan cikin aljihun mota tare da lasisina.
Ƙamshin ya tafi tuni.
Ƙayar dai, in na manta na sa hannu,
tana nan.