Gida Na Ɗari Da Sha Takwas

Shekara talatin ina Panteka,
ina narka gorar ruwa, ina zuba tukwane.
Na san dalma a tafin hannu ko idona a rufe,
na san tagulla da kukanta in an ƙwanƙwasa.
Sai ga Barira, autata, ta taso daga Poli
da takarda mai gidaje kamar na dara.

Ta shimfiɗa ta kan benci, ta danne da awartaki.
"Baba, ga dalmarka, gida na tamanin da biyu.
Bi da yatsa har ƙasa, can kusurwar dama,
ɗari da sha takwas. Nan layin ya tsaya."

Na ce, "Nawa kilo?"
Ta yi dariya har da riƙe ciki.

Wai ba a haƙo shi a dutse, ba a tsinto shi a bola.
Ƙwayar zarra ake harba wa 'yar'uwarta,
mai ashirin ta daki mai casa'in da takwas,
wata da watanni ana ɓarin harbi
kafin biyu su rungumi juna su zama guda.
Duk abin da aka samu tun farawa
bai cika yatsun hannuna biyu ba.

Cibiyarsa cunkus, kamar bas ɗin Kawo da yamma,
ɗari da sha takwas, kowa na ture kowa,
ga masu rabon faɗa ɗari da saba'in da shida,
duk da haka ba a zama lafiya.
Daga waje zobba bakwai na kewayawa,
gudu ya yi gudu har sun soma cakuɗewa.
Danginsa iska ne, masu gudun cuɗanya,
shi kuwa lissafi ya ce wataƙila daskararre ne.
Launinsa? Ba wanda ya taɓa gani.

"To, yana kwana nawa?"
"Baba, raba ƙiftawar ido gida ɗari,
da kyar ya cinye kashi ɗaya.
Sai ya tofar da ɓalli, ya sauka gida biyu,
ya sake tofarwa, ya zama wani."

Wutata ta lafa, ban ja zugazugi ba.
Na tuna yayanta, wanda ba ta sani ba,
ya zo da asuba, ya yi kuka sau ɗaya,
kafin hantsi an naɗe shi a farin ƙyalle.
Ragon da na saya, makwabci na sayar wa.

Na ce, "Sun raɗa masa suna?"
Ta ce, "Sun raɗa, har da gida a takarda."

Na karɓa, na kafe ta da ƙusa a jikin kwano,
sama da ma'auni, inda hayaƙi bai cika kaiwa ba.
Mai tukunya lamba goma na jira tun ɗazu.
Na share ido da gefen riga, na ce hayaƙi ne,
na ƙara gawayi.