Wushirya

Ranar Talata a Leeds, ana yayyafi,
na kai Rakiya wurin mai gyaran haƙori.
Tana riƙe da takardar izini daga makaranta,
ni da lema mai karyayyen haƙarƙari.

A jikin ƙofa an rubuta doguwar kalma, orthodontics.
Ta karanta min ita a guje, kamar sunan ƙawarta.

Likitan ɗan Girka ne, Sitamatis,
ya ga na tsaya ina harhaɗa baƙaƙe,
sai ya sauke takunkumi daga hancinsa.
"Kan kalmar namu ne," in ji shi, "ortho,
miƙaƙƙe ke nan, ko ka ce daidai.
Turawa suka ara, har yau ba su mayar ba."
Ya shiga ƙirge da yatsu cikin safar roba:
orthodox, cocin da uwarsa ke kunna kyandir,
imanin da bai karkace ba;
orthography, rubutun da malami ba zai sa wa jan biro ba;
can hawa na uku kuma masu ƙashi,
orthopaedic, wai asalinta miƙar da yaro.
Ya ce tambarinsu ɗan ice ne karkatacce
an ɗaure shi jikin turke.

Na yi dariya, na ce mu ma mun san icen,
tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
Ku kuna miƙarwa, mu muna tanƙwarawa,
igiyar dai ɗaya ce.

Sai ya kunna hoton bakinta a bango,
ya ɗora alƙalami tsakanin haƙoran gaba.
"Wannan giɓin, wata goma sha takwas ya rufe."

Giɓi?
A garinmu sunanta wushirya.
Saboda ita mahaifina ya yi shekara biyu
yana tura keke cikin yashi zuwa ƙofar su Dije.
Dije ta rasu damina uku da suka wuce,
ba ta bar gona ba, ba ta bar zinari ba,
wannan 'yar taga kawai ta bari
a bakin jikar da ba ta taɓa goyawa ba.

Na so in ce masa, likita, lauje fa?
Da miƙaƙƙe ne da wa zai yanki shinkafa?
Guga in ya faɗa rijiya, ƙugiya ake nema.
Jinjirin wata a lanƙwashe yake zuwa, gari ya ɗau guɗa.
Ni kaina da nake roƙon hanya miƙaƙƙiya
sau goma sha bakwai kullum,
ina gama roƙon sai in sunkuya.

Ban faɗa ba.
Na dubi Rakiya, ta rufe baki da hannun riga,
yadda take yi tun da aka shiga aji bakwai,
tun da wani yaro ya tambaye ta
ko ta nan ake jefa wasiƙa.
Baki nata ne. Ita ke kai shi makaranta.

Ta zaɓi roba shuɗiya. Na sa hannu.

A kanta matar ta miƙo katin dawowa,
na'urarsu ta buga sunanmu: Babura.
Ta miƙar mana da shi tas,
ta cire ƙugiya biyu ba tare da allura ba.
Na ari bironta,
na lanƙwasa kan ta farko, na lanƙwasa kan ta biyu,
Ɓaɓura ta dawo Ɓaɓura.
Matar ta ce, "Kuskure ne?"
Na ce a'a, yanzu ne ya yi daidai.

A saman bas, hanyar Harehills,
gilashi ya yi gumi, Rakiya tana zane da yatsa.
Na ce, yi min dariya in ɗauka.
Ta ce, "Baba, mutane."
Na ce Dije ce ke son gani.
Ta waiga hagu, ta waiga dama,
ta sauke hannun riga.