Hoton Kufai

Daga ɗakin ajiyar tarihi aka aiko min da shi,
baƙi da fari, gara ta ɗanɗana gefensa.
A ƙasa wani ya rubuta:
"Rusassun gidaje, wani gungu, ƙasar Yawuri."
Iyakar saninsa ke nan.

Ni ma ban ga abin da ya wuce haka ba:
bango ya durƙusa,
rumbu ya hangame baki ba jinka,
wani baƙin tabo kwance a ƙasa kamar inuwa.

Na kai wa Gwaggo Kyallu a Yelwa.
Ta goge hannu a zane kafin ta karɓa,
ta kawo shi kusa da ido, ta nisanta, ta sake kawowa.

"Wagga ba inuwa ba ce, ɗiyata,
murhun Dudu ne.
Nan take bandar ragon ruwa,
ƙamshi har bakin mashigi, ga rowa kamar me.

Bangon ga kuwa, kar ki ɗora wa ruwa laifi,
ruwa bai iso ba tukuna.
Tunau ne ya zare azara da hannunsa,
ya ce madatsa ta ci ƙasa in ta ga dama,
ban da giginyar da ubansa ya fasa.
Muna loda kwalekwale yana sara,
yana sara yana zagin iska."

Baba Jatau ya leƙo ta kafaɗarta.
Ya ce sam, wannan ba gungunmu ba ne,
tsamiyarmu a gabas take,
kuma yaushe Dudu ta yi rumbu?
Suka yi ta musu har la'asar ta yi sanyi
a kan garin da kifi ke kwana a ɗakunansa.

A can gefe, dab da inda gara ta tsaya,
akwai wani abu da ya motsa lokacin ɗauka,
fari-fari, bai kai tsayin turmi ba.
Na sa yatsa na ce, wannan fa?

Ta daɗe.
"Akuya ce," in ji ta.

Ba ta mayar min da hoton ba.
Cikin dare na ji ta kunna tocila,
tana kiran wani suna a hankali,
sunan da ba a taɓa faɗa min ba,
kuma ba irin wanda ake sa wa akuya ba.